Tabar Wiwi: Me Ya Raba Maganin Da Ke Kwalba Da Ganyen Da Ake Naɗawa?

Ranar 2 ga Disamba, 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da sha'anin miyagun ƙwayoyi ta zauna a Biyana, babban birnin Ostiriya, ta kaɗa ƙuri'a a kan tabar wiwi. Ƙasashe 27 suka goyi bayan a sassauta matsayinta, 25 suka ƙi, Yukiren ta ƙaurace. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi, ita da Masar, Aljeriya, Burkina Faso, Rasha da Sin. Maroko da Afirka ta Kudu kuwa suka bi sahun masu amincewa.

Tun daga lokacin magana ta rabu biyu a bakin jama'a. A kafafen sada zumunta ana yaɗa cewa duniya ta halatta wiwi, ana kuma tallan kwalaben "man CBD", wani sinadari da ake cirowa daga wiwi, da aka ce suna maganin farfaɗiya, ciwon daji, hawan jini, rashin barci, kai har da sikila. A can gefe kuma hukumar NDLEA na ta ƙona gonakin wiwi a dazukan Ondo da Edo, likitocin ƙwaƙwalwa na ta karɓar samarin da hayaƙin ya birkita. Dole mai karatu ya tambaya, shin magani ce ko guba? Sai dai tambayar kanta tana buƙatar gyara, domin wiwi ba abu ɗaya ba ce. Tsiro ne mai ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, kuma biyun da suka fi shahara a cikinsu aikinsu a jiki ya sha bamban ƙwarai. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wane sinadari, nawa ne adadinsa, ta ina ya shiga jiki, kuma don wace cuta.

## Abin da ƙuri'ar ta canza

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 ta kasa ƙwayoyi masu sa maye zuwa rukuni huɗu. Kafin ƙuri'ar, wiwi tana cikin biyu a lokaci guda. Tana rukuni na ɗaya, na abubuwan da ke kama mutum da jaraba amma ana iya aiki da su a asibiti bisa tsauraran sharuɗɗa. Tana kuma rukuni na huɗu, tare da hirowin, wato na abubuwan da ake ganin haɗarinsu ya yi yawa, amfaninsu a asibiti kuwa kaɗan ne ko babu. A Janairun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a cire ta daga rukuni na huɗu, kuma iyakar abin da ƙuri'ar ta yi ke nan. Har yau tana rukuni na ɗaya, inda mofin yake. Likita na iya rubuta wa majinyaci mofin, amma sayar da shi a bakin titi laifi ne.

Ƙuri'ar ba ta tilasta wa kowace ƙasa sauya dokarta ba. A Najeriya, dokar 1966 da ta haramta noman wiwi da sayar da ita da shan ta, da kuma dokar 1989 da ta kafa NDLEA, suna nan daram.

## Abin da ke cikin tsiron

Masana sun ƙirga sinadarai sama da 500 a tsiron wiwi. Fiye da 100 daga cikinsu dangi ɗaya ne da ake kira kanabinoyid. Mafi yawansu suna taruwa ne a cikin wani danƙo da wasu ƙananan gashi ke fitarwa a jikin furen macen tsiron. Wannan danƙon ne idan aka tara shi aka dunƙule yake zama hashish, irin wanda tsaunukan Rif na Maroko suka yi suna da shi.

Biyu ne manya a dangin. Na farko THC, shi ne mai sa maye. Na biyu CBD, wanda ba ya bugarwa. Abin mamaki, kayan gininsu iri ɗaya ne sak: kowannensu ƙwayoyin zarra na kabon 21, na haidurojin 30, na oksijin 2. Jerin ne ya bambanta. A THC wani sashe na ƙwayar ya rufe ya zama zobe, a CBD kuwa sashen a buɗe yake. Wannan ɗan bambancin siffa shi ya sa ɗaya ke gusar da hankali, ɗayan kuma ake bai wa yaro ɗan shekara biyu a asibiti.

A ɗanyen tsiro, sinadaran ba su cika kasancewa a wannan siffa ba. Suna nan ne a matsayin THCA da CBDA, kuma THCA ba ya bugarwa yadda THC ke yi. Sai zafi ya taɓa shi, ya fizge wani ɓangare nasa ya tashi a iska, sannan ya koma THC. Dalilin da ya sa ake ƙona wiwi ko a dafa ta ke nan. Idan kuma ta daɗe a ajiye, iska da haske suna juya THC ya koma CBN, mai rauni sosai.

THCA da CBDA uwarsu ɗaya, wani sinadari mai suna CBGA. Gadon irin tsiron ne ke yanke inda mafi yawan CBGA zai karkata. Shi ya sa irin da aka tace don ya yi ƙarfin maye kusan ba ya da CBD, wanda aka tace don CBD kuma THC ɗinsa kaɗan ne. Daga nan aka samo abin da ake kira wiwin masana'antu, wanda ake nomawa don igiya, tufafi, man iri ko CBD. Dokar gona ta Amurka ta 2018 ta ce duk tsiron da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, to yana cikin wannan aji, Ghana ma wannan ma'aunin ta ɗauka. Amma fa layin na doka ne, mutane suka ja shi. A wajen masana tsirrai duk tsiro ɗaya ne.

Warin wiwi da kowa ya sani ba daga THC yake fitowa ba. Mafi yawansa daga wani dangi ne daban mai suna tapin, kuma 'yan wannan dangin suna cikin ɓawon lemo, mangwaro, masoro da kanumfari.

Hanyar shiga jiki ita ma tana sauya labari. Idan aka zuƙi hayaƙi, THC na bi ta huhu ya isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintuna. Idan aka ci a abinci ko aka sha a shayi, sai an jira rabin sa'a zuwa sa'o'i biyu, kuma kafin nan hanta ta juya wani kaso nasa zuwa wani sinadari wanda ƙarfinsa ya kai na THC ko ya fi. Mutum ya ci, ya ji shiru, ya ƙara, daga baya duka su taso masa lokaci ɗaya. A ƙasashen da aka halatta alewa da biskit masu wiwi, irin wannan na yawan kai mutane ɗakin gaggawa, har da ƙananan yara da suka ɗauka alewa ce kawai. Bayan haka, THC a mai yake narkewa, ba ya narkewa a ruwa, don haka yana maƙalewa a kitsen jiki yana fita a hankali. Wanda ya saba sha kullum, gwajin fitsari na iya kama shi makonni bayan ya daina.

## Dalilin da ya sa aka makara

Amfani da wiwi a matsayin magani tsohon abu ne a Sin da Indiya da ƙasashen Musulmi. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus na ƙarni na 13, ya bayyana irin da ya gani a Masar, ya kuma yi gargaɗin yadda take taɓa hankalin masu yawan ci. Turai ta san ta a asibiti ne ta hannun William O'Shaughnessy, likita ɗan Ailan da ke aiki a Kalkata, wanda ya wallafa gwaje-gwajensa a 1839. Daga 1850 zuwa 1942 tana cikin kundin magunguna na hukuma a Amurka.

Tun kafin dokoki su tsananta likitoci sun fara juya mata baya, kuma dalilin na kimiyya ne. Kwalba biyu daga shago ɗaya, wata ba ta yin komai, wata ta kwantar da mutum, domin ba wanda ya san sinadarin da ke aikin balle a auna shi. Ba ta narkewa a ruwa, don haka ba a iya yin allurarta. Ga asfirin ya shigo kasuwa a 1899, ga mofin da aka ware daga ofiyom tun farkon ƙarni na 19, wanda ake auna shi daidai. Mofin yana daskarewa ya zama gari mai tsabta. Sinadaran wiwi kuwa mai ne mai danƙo, sun cakuɗe da juna, raba su sai da kayan aikin zamani.

Roger Adams na Jami'ar Ilinoi ya ware CBD a 1940. Amma sai a 1963 Raphael Mechoulam ya fayyace cikakkiyar siffarsa a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila, sannan a 1964 shi da Yechiel Gaoni suka ware THC tsantsa. Hashish ɗin da suka yi aikin da shi, kilo 5, daga hannun 'yan sanda ya karɓo shi. Tsakanin ware mofin da ware THC kusan shekara 160 ke nan, kuma wannan giɓin na cikin dalilan da suka sa har yau ilimin wiwi ke bayan na sauran magunguna.

## Jiki ma yana haɗa nasa

Gano THC ya haifar da wata tambaya: me yake kamawa a cikin ƙwaƙwalwa? A 1988 Allyn Howlett da William Devane suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin jijiya akwai wani makarɓi na musamman da THC ke shiga, kamar yadda ɗan makulli ke shiga kwaɗonsa. Aka sa masa suna CB1. A 1993 aka gano na biyu, CB2, a Kambirij ta Ingila, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Tunda ba don tsiro aka halicci waɗannan makarɓai ba, masana suka shiga neman sinadarin da jiki da kansa yake haɗawa. A 1992 ɗakin binciken Mechoulam a Jami'ar Hibru ya gano anandamaid, a 1995 kuma aka gano 2-AG.

Aikinsu na rage gudu ne. A ƙa'ida saƙo yana tafiya daga wata jijiya zuwa ta gaba. Idan saƙon ya yi yawa, jijiyar da ke karɓa sai ta haɗa waɗannan sinadarai nan take, su koma baya wajen mai aikowa su sa ta sassauta. Da sun gama, wasu sinadaran jiki su wargaza su cikin ƙanƙanin lokaci. A wuri ɗaya ake yin wannan, a daidai lokacin da ake buƙata. THC kuwa idan ya shigo, ko'ina yake mamayewa lokaci guda, ya kuma zauna sa'o'i.

Inda CB1 ya taru a ƙwaƙwalwa shi ke bayyana halin mashayi. Yana da yawa a sashen ajiye sabon tunani, shi ya sa mantuwa. Yana sashen daidaita motsi, shi ya sa tangaɗi da jinkirin taka birki. Yana sashen yunwa, shi ya sa cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Yana sashen tsoro, shi ya sa wani ya samu natsuwa, wani kuma ya ga kamar ana bin sa. Amma kaɗan ne a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi. Wannan ne ya sa wiwi ba ta tsayar da numfashi yadda tiramol ko kodin ko hirowin ke yi idan sun yi yawa. Masu kare ta suna yawan kafa hujja da wannan, kuma gaskiya ne, sai dai rashin kisa nan take ba ya nufin rashin illa.

CBD ba ya kunna CB1 yadda THC ke yi. Yana taɓa wasu makarɓai da dama, har da na serotonin, wani sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, kuma har yanzu masana na tattauna wanne ne daga ciki ke hana farfaɗiya. A 2018 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce CBD tsantsa bai nuna alamar kama mutum da jaraba ba.

Abubuwa biyu sun nuna cewa wasa da wannan tsari na jiki ba ƙaramin abu ba ne. A 2006 Tarayyar Turai ta amince da wani maganin rage ƙiba mai suna rimonaban, wanda ke toshe CB1 don kashe yunwa. Ƙiba ta ragu, amma baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai suka ƙaru, aka janye shi a 2008. A Janairun 2016 kuma, a birnin Ren na Faransa, gwajin wani sabon magani da aka tsara don hana wargaza anandamaid ya yi sanadin mutuwar mutum ɗaya, wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa.

## Inda shaida ta yi ƙarfi

Farfaɗiyar yara mai taurin kai ita ce kan gaba. Tun 1980 wani ƙaramin gwaji a Sao Paulo ta Brazil ya bai wa majinyata 8 CBD, 4 daga cikinsu suka kusan daina faɗuwa. Aka yi shekaru sama da 30 ba wanda ya bi sawun binciken da gaske. Sai a 2017 aka wallafa babban gwaji a kan yara da matasa 120 masu nau'in farfaɗiyar da ake kira Dravet. A wajen waɗanda aka bai wa CBD, matsakaicin yawan faɗuwa a wata ya sauko daga 12.4 zuwa 5.9. A wajen waɗanda aka bai wa ruwan da babu magani a ciki, daga 14.9 ya koma 14.1. Kashi 5 cikin 100 ne kawai suka daina faɗuwa gaba ɗaya. Wato sauƙi ne mai yawa ga iyalan da suka gwada komai, amma ba warkewa ba ce. A Yunin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin da sunan Epidiolex, don Dravet da wani nau'in mai suna Lennox-Gastaut, a 2020 aka ƙara cuta ta uku.

Na biyu, tashin zuciya da amai da ke biyo bayan maganin ciwon daji. Tun 1985 Amurka ta amince da Marinol, wanda THC ne da aka haɗa a masana'anta, da Cesamet mai kama da shi. A 1992 aka ƙara wa Marinol aikin buɗe cikin masu cutar ƙanjamau da suka rame. Yau akwai magungunan amai da suka fi su, don haka sai waɗancan sun gaza ake komawa gare su.

Na uku, sanƙarewar tsoka a cutar MS, wadda ke cinye rigar jijiyoyi. Maganin Sativex ana fesa shi a baki, kowace fesa tana ɗauke da miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD. Kanada ta fara amincewa da shi a 2005 don ciwon jijiya na masu cutar, Birtaniya kuma a 2010 don sanƙarewar tsoka.

Duk waɗannan, abu ɗaya ya haɗa su: an san sinadarin, an san adadinsa, an gwada shi a kan cuta takamaimai, kuma babu wanda ake ƙonawa a zuƙa.

## Inda ake jayayya, da inda babu komai

Ciwo mai daɗewa shi ne babban dalilin da mutane ke neman wiwin asibiti, kuma a nan masana suka fi saɓani. Rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka na 2017 ya ce akwai shaida mai ƙwari cewa tana rage irin wannan ciwo ga manya. A 2021 kuwa ƙungiyar duniya ta masu nazarin ciwo ta ce ba za ta goyi bayan amfani da ita gaba ɗaya ba, saboda gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru ne, ingancinsu kuma bai kai ba. Akwai wata matsala ta musamman a nan. Gwaji mai inganci yana buƙatar kada majinyaci ya san ko maganin gaske aka ba shi, amma wanda THC ya buga ya riga ya sani. Abin da ɓangarorin biyu suka fi kusa da yarda a kai shi ne, idan akwai sauƙi, matsakaici ne, kuma ya fi bayyana a ciwon jijiya.

A kan sikila, wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2020 a kan majinyata 23 bai samu bambanci mai ƙarfi a raguwar ciwo ba tsakanin tururin wiwi da na bogi. A kan hawan jinin ido, THC yana sauke matsin na sa'o'i uku zuwa huɗu kawai, cutar kuwa dare da rana take aiki, don haka likitocin ido ba sa ba da shawarar ta. A kan ciwon daji, gaskiya ne sinadaran wiwi sun kashe ƙwayoyin cutar a kwanon gwaji da jikin ɓeraye, amma babu gwajin da ya tabbatar suna warkar da mutum. Sativex ma da aka gwada a kan zafin ciwon daji a manyan gwaje-gwaje bai cimma abin da aka nema ba.

Masu goyon bayan ganyen kansa suna cewa sinadaran tsiron sun fi aiki idan suna tare, ware ɗaya yana rage albarkarsu. Tunanin ya fito ne daga wani bincike na 1998, kuma ba abin da hankali zai ƙi ba ne. Sai dai shaidar da ake da ita a jikin mutane kaɗan ce, kuma 'yan kasuwa sun fi masana riƙe maganar.

## Wiwin yau ba ta jiya ba ce

A wiwin da hukumomi suka kama a Amurka, matsakaicin THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, CBD kuma ya ragu. Wannan na da muhimmanci saboda illa tana bin ƙarfi. Wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 a Turai da Brazil, wanda ya fito a 2019, ya gano cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali. Masu shan mai ƙarfi kullum, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, kusan sau biyar. Ana muhawara a kan ko wiwi ce ke haddasa cutar ko masu shirin kamuwa ne suka fi karkata ga sha. Bisa dukkan alamu duka biyun suna faruwa, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya da wanda ke da cutar a danginsa.

Jaraba ma gaskiya ce. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka taɓa sha, da 1 cikin 6 na waɗanda suka fara tun suna samari. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 sun sha wiwi a shekarar da ta gabaci binciken, kuma kusan 1 cikin 3 daga cikinsu ta riga ta kama su. Rahoton 2017 ɗin nan da ya yaba mata a kan ciwo, shi ne kuma ya danganta ta da haɗarin mota, tari mai daɗewa, da haihuwar jarirai marasa nauyi.

Akwai kuma abin da ake sayarwa da sunan wiwi alhali ba ita ba ce. Masana irin su John Huffman na Jami'ar Clemson sun haɗa ɗaruruwan sinadarai a ɗakin gwaji don nazarin CB1. 'Yan kasuwar bayan fage suka kwafi hanyar haɗa su, suna fesawa a kan busasshen ganye. THC rabi-rabi yake kunna CB1, waɗannan kuwa har ƙarshe suke murɗa shi, shi ya sa suke jawo jijjiga, lalacewar ƙoda da mutuwa. Abin da ake kira Kolorado a Najeriya ana danganta shi da wannan aji. Ƙwayar da ake kira Kush, wadda ta sa Shugaba Julius Maada Bio ayyana dokar ta-ɓaci a Saliyo a Afrilun 2024, gwaji ya nuna tana ɗauke da irin waɗannan sinadarai, wani lokaci da wasu dangin ofiyom masu tsananin ƙarfi.

## Matsayin ɓangarori a Najeriya

Masu neman a buɗe ƙofa, irin su marigayi Rotimi Akeredolu, tsohon gwamnan Ondo wanda ya je Tailan a 2019 don ganin yadda suke nomanta, hujjarsu ita ce ana noman wiwi a jihar ko an so ko an ƙi, gara a mai da shi na magani da fitarwa waje a samu kuɗin shiga. Suna nuni da Lesoto da ta fara ba da lasisi a 2017, Zimbabwe a 2018, Malawi a 2020, Maroko a 2021, da Ghana wadda majalisarta ta sake zartar da sashen dokar da ya ba da damar noman wiwin masana'antu a 2023 bayan Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022. NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ta tsaya a kan cewa ƙasar da ke da mashaya sama da miliyan 10 ba ta da halin sassautawa. A 2023 Majalisar Wakilai ta jingine wani ƙudiri da ya nemi halatta noman don magani. Masu adawa suna kuma nuni da Tailan ɗin kanta, wadda ta saki wiwi a 2022, shaguna suka cika gari, sannan a 2025 ta dawo da sharaɗin takardar likita.

Malaman Musulunci sun daɗe da haramta shan wiwi bisa dalilin gusar da hankali. Inda ake tattaunawa a yau shi ne maganin da likita ya rubuta bisa larura, da sinadarin da ba ya bugarwa.

Sau da yawa ɓangarorin ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Shigo da magani irin Epidiolex, noman wiwin masana'antu, ba likita damar rubuta ganye, da halatta sha don nishaɗi kamar yadda Yurugwai ta yi a 2013 da Kanada a 2018, matakai ne huɗu daban-daban. Ƙasa na iya ɗaukar na farko ta bar sauran.

## Abin da ya shafi talaka

Ga iyalin da ke da mai farfaɗiya, CBD ba shi ne matakin farko ba. An amince da shi ne don wasu nau'o'i ƙalilan da suka gagari sauran magunguna, kuma da ya fito a Amurka kuɗinsa ya kai kusan dala 32,500 a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa da magungunan da ake da su, masu araha, amma a ƙasashe matalauta kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samun su. Wanda ya ajiye maganin asibiti ya koma man da aka tallata masa a waya yana iya jawo faɗuwa mai tsanani.

Ga mai sayen kwalba, abin da ke rubuce a jiki ba lallai shi ne a ciki ba. Wani bincike na 2017 ya gwada kayan CBD 84 da aka saya ta intanet a Amurka: kashi 31 cikin 100 ne kawai adadinsu ya dace da rubutun, kuma an samu THC a 18 daga ciki. Irin wannan na iya sa mutum ya faɗi gwajin ƙwaya a wajen neman aiki bai taɓa zuƙar komai ba. Ga batun adadi kuma. A gwaje-gwajen farfaɗiya ana ba da miligiram 10 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato yaro mai kilo 30 yana shan 300 zuwa 600, likita na duba hantarsa a kai a kai. Hukumar abinci ta Birtaniya kuwa a 2023 ta shawarci lafiyayyun manya kada su wuce miligiram 10 a rana. CBD yana kuma rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, har da wafarin na tsinka jini da wasu na farfaɗiya, sai su taru a jiki fiye da kima.

Ga manomi, abin da ya faru a wasu ƙasashe bai nuna arziki na nan take ba. Wiwin magani tana buƙatar lasisi, shinge, tsaro, da ɗakin gwaji da zai tabbatar da adadin sinadari a kowane girbi, abin da ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona. A Amurka, manoma sun yi rububin shuka bayan dokar 2018, kaya suka yi yawa, farashin CBD ya faɗi warwas. Maroko ta taƙaita noman halal a larduna uku na yankin Rif, ta kuma sa manoma su shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa masu kwantiragi da kamfanoni.

Idan Najeriya ta ɗauki ko da mataki na farko ne, wato shigo da magani irin Epidiolex, nauyin zai faɗa kan NAFDAC da NDLEA: su iya auna THC a kowace kwalba, su kuma bi sawun kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa kantin magani. Kodin da tiramol duk halattattun magunguna ne da suka bi ta wannan hanyar suka zube a kasuwa, har ta kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018.